Ɗigo Uku a Gindin Jarka

Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce wadda soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, shekara uku bayan sanƙarau ɗin nan da ya kwashi yara a birni, tun wayar hannu ba ta shigo ba. Mu a Soron Ɗinki mun fi tuna ta da daminar da katangar gidan Malam Na'iya ta faɗa wa awakinsa. A lokacin maigidana ya riga ya kwanta dama, autata Rabi kuma ta dawo gida goyon cikin fari.

Kuna zuwa ku tsaya a kaina, ku ga ina juya ƙarfe a garwashi, ku ce, "Inna Asabe, wannan ai ko yaro ya iya, a narka roba a manna." To ku zauna. Wanda ya ce ya iya, ga ƙarfe ga buta, in ya liƙe ta riƙe ruwa zuwa la'asar na bar masa soron.

Ni 'yar Ilu gyartai ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Gyartai shi ne mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, tunda na san cikinku akwai wanda bai taɓa jin kalmar ba. Mutane sun raina sana'ar, amma babu gidan da ƙwaryarsa ba ta zo hannun Baba ba, har gidajen masu rawani. Tun ina 'yar ƙwailata nake riƙe masa ƙwarya tsakanin gwiwoyina, yana hudawa da basilla yana zura zaren kaba, ɗinki kusa da kusa kamar haƙoran yaro. In ya gama sai ya sa tsinken ƙarfe a wuta, ya kifa ƙwaryar, ya ɗiga mata ɗigo uku a gindi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Asabe, ɓarawo ne yake aiki ya ɓoye sawunsa. Wannan ɗigon cewa yake yi, in ta sake daga nan, a zo a same ni." Wannan ne gadona. Bai bar mana gona ba, bai bar mana rumfa a kasuwar Kurmi ba.

Da roba ta shigo gari, ƙwarya ta koma hannun masu tallan nono da masu gara. Baba ya ɗauki bokitin farko da aka kawo masa a tsage, ya huda zai ɗinka, ramin ya bi zaren ya ƙara yagewa. Ya ajiye ya ce wannan abu ba shi da mutunci. Ni ce ban haƙura ba. Akwai wani mutum a bakin Kurmi mai gyaran takalmin roba da wuƙa mai zafi. Duk ranar da aka aike ni sayen kayan yaji, ko bayan na yi aure in na samu fita unguwa, sai in rage tafiya a gabansa in saci kallo. Bai taɓa koya mini ba, ban taɓa gaishe shi ba. Butocin gidan mijina ne suka sha wuya. Na ƙona na ƙona, har uwar mijina ta ce in na ƙara taɓa mata buta za ta kai ƙarata wajen Baba. Tabon nan na babban yatsana daga lokacin yake.

Kayan aikin ba su da yawa. Kurfoti da gawayin ƙirya, don shi ne ba ya tartsatsi. Guntayen zarto da maƙeri ya daddale mini bakinsu, ɗaya mai faɗi, ɗaya siriri na shiga lungun mariƙi. Wuƙar kankara, mafici, jiƙaƙƙen tsumma. Sai buhunan guntayen roba, kuma nan ne sana'ar take, ba a wuta ba. Ku a wajenku roba roba ce. A wajena dangi ne, kowa da halinsa. Akwai ta jarka, mai tauri, in ka ƙwanƙwasa ta amsa maka da murya. Akwai ta buta da murfin kwano, mai laushi, farce yana zama a jikinta. Akwai ta leda, wadda za ka ja ta bi ka kamar ƙaro kafin ta tsinke. Duk in ka kusanta su da wuta ƙamshin kyandir suke yi suna ɗiga, alamar uwarsu ɗaya, amma mai laushin tana narkewa tun ƙarfe bai yi ja ba, mai taurin kuwa sai ka ƙara fifita. In ka ɗauko facin mai laushi ka ɗora wa jarka, zai narke ya malale ita ko gumi ba ta yi ba. In ka ɗora mai tauri a kan buta, kafin ya narke ka huda butar. Akwai kuma wata baƙuwa da ake yin kujera da ita, ita ba danginsu ba ce sam, ko ka kwana kana dannawa ba za su haɗa jini ba. Ni da haƙori nake ganewa. In ɗan gatsa gefe, in lanƙwasa, in saurara.

Malam Habu mai kurar ruwa, mutumin Damagaram, shi ya fara kawo mini jarkoki da yawa. Wata rana ya zo da ɗaya da ta faɗo daga kura ta tsage a kusurwa, tsagar kamar tsawon ɗan yatsa. Na wanke na shanya, don ko ɗigon ruwa ya rage liƙi ba ya kamawa. Na kankare gefe da gefe har sabuwar fata ta fito. Na huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, dabarar Baba ce ta ƙwarya. Sannan na yanko siririn faci daga wata matacciyar jarka irinta, na sa ƙarfe tsakaninsu har fuska biyun suka yi ƙyalli tare, na zare, na danne da tsumma. Ba manna ake yi ba, aure ake ɗaurawa. Sai na kifa ta na ɗiga uku. Habu ya yi shekaru yana tura wannan jarkar, har rana ta cinye launinta.

Amma babbar mai kawo mini aiki ita ce Ya Falmata ta Koki. Kakanninta daga Barno suka zo da fatauci suka zauna. Mace ce mai jiki, mai murya, tana da mata a gidanta suna suyar gyaɗa suna matsar mai, ana kai mata Kurmi jarka-jarka. Aikin farko da ta kawo mini wani ƙaton koren baho ne da ta taho da shi daga Makka. Taɓarya ta faɗa masa, ya tsage daga baki har kusa da tsakiya. Da kanta ta zo, ta ce, "'Yar gyartai, an ce hannunki yana da kyau. In kin ɓata mini shi, ni da ke ne." Na gatsa gefensa na ji wani irin danƙo da ban saba ji ba, ga tauri ga haƙuri. Na zazzage buhunana kaf ban sami ɗan'uwansa ba. Sai da na aika aka bi masu gwangwan har aka samo mini murfin wani fasasshen bokiti mai irin naman jikinsa. Launin bai zo ɗaya ba, facin ya fi duhu, amma da ta cika shi da ruwa ta ɗaga da hannu biyu ta jijjiga, ko raɓa bai yi ba. Ta ce, "Kai! 'Yar gyartai, kin fi likita." Tun daga ranar duk robar gidanta nan take zuwa, kuma bakinta ya jawo mini rabin Koki. In ta shigo sai ta zauna a tabarmata ta ci gorona, ta ce hayaƙina zai kashe ta, in ce ƙaurin ƙuli-ƙulinta ya riga ya kashe ni.

To sai farar hula suka hau. Kowa yana cewa an sha iska, kaya za su yi sauƙi. Kuma wasu sun yi, ciki har da jarka. Kasuwa ta cika da sababbi, rawaya shar, suna sheƙi, araha kamar a ce ɗauki. Ya Falmata tana shirin azumi, lokacin da mai yake tafiya, ta sayo su da yawa don ta tara kaya. Wasu tun daga kasuwa suna tsatsafo a wuyan mariƙi, wasu a layin da aka haɗa su. Ta aiko mini.

Ina gatsa ta farko na san an canza wani abu. Haƙorina bai shiga ba, santsi ya yi. Na yanko ɗan gefe na lanƙwasa, maimakon ya bi hannuna sai ya yi fari a gwiwar ya ce ƙas. Da ta zo karɓa na ce, "Ya Falmata, wannan robar ba ta da danƙo. Ido ne kawai."

Ta ce, "Ke dai kin liƙe ko ba ki liƙe ba?"

Na ce, "Na liƙe, kuma inda na liƙe ba zai sake ba. Sauran jikin ne ban yarda da shi ba."

Ta yi dariya ta ce, "Sabuwa fil daga kamfani ba ki yarda da ita ba, sai tsofaffin da kike cin abinci da su? 'Yar gyartai, kin iya talla."

Na kifa su ɗaya bayan ɗaya na ɗiga uku, don aikina ne, kuma mai kyau ne.

Rabi ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna gidan nan ya cika, mata har soro, dangin mijinta sun zo daga Gwale da kayan barka, ana ta rabon waina. Sai na ji tsakar gida ta yi tsit. Ya Falmata ce ta shigo ba sallama, wata mai aikinta na biye da jarka a ka. Ta karɓa ta wurgo ta tsakiyar tabarmi, ragowar mai ya fantsama a zannuwan mutane.

Ta ce, "Ina 'yar gyartai?" Sunan da ta saba kirana da shi ne, amma ranar da wani baki ta faɗe shi.

Na fito na ce, "Ya Falmata, lafiya? Suna muke yi."

Ta ce, "Ni makoki nake yi. Na buɗe ɗakin ajiya na tarar ƙasa ta shanye mini man azumi. Daɓen ɗakin har yana nutsewa. Jama'a ku duba gindinta, ɗigon wa kuka gani?"

Aka kifa jarkar, ga ɗigo uku. Na durƙusa na nemi tsagar, na same ta a ƙasa, can nesa da wuyan da na liƙe, siririya kamar gashi. Na ɗauko wuƙa na yanke wurin facina na miƙa mata, na ce, "Ja. In kin raba shi, na bar sana'a yau." Ta ƙi karɓa. Na miƙa wa uwar mijin Rabi, ta kau da kai. Na ce, "Ga inda ta fashe, ga inda na taɓa, ku duba da idonku."

Ya Falmata ta ce, "Wutarki ce ta gasa ta ta mutu. Ni ba biya na zo nema ba, me gare ki? So nake unguwa ta sani." Ta juya ta fita. Mata suka fara neman mayafansu. Waina ta kwana a kwando.

Unguwa kuwa ta sani. Masu kurar ruwa su ma sun sayi sababbin, su ma sun kawo mini, su ma nasu suka fara tsagewa, musamman waɗanda ake kai wa masu wanki, inda sabulu yake taɓa su. Kowace aka kifa, ga ɗigona. Wanda bai sa hannu a aikinsa ba babu mai nemansa, kamfanin da ya yi jarkar ko suna bai rubuta a jiki ba. Ni da na sa, ni aka gani. An bar jaki ana dukan taiki. Har yara suka samu abin waƙa, in na fito lungu sai in ji daga bayan katanga, "Ɗigo uku, yoyo uku!"

Ƙanena Sabi'u yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, shi yake zuba wa inji ƙwaya. A shekarar aka sallame su, wai wuta ba ta samuwa, man janareta ya fi ƙarfin masu kamfanin. Ya zo gaishe ni ya tarar da ni zaune da guntun jarkar nan. Ya karɓa ya lanƙwasa, ta ce ƙas. Ya ce, "Yaya, ai wannan ba laifinki ba ne, mahaɗin ne."

Na ce, "Wane mahaɗi? Fura ce?"

Ya ce wani injiniyansu ya taɓa yi musu bayani. Wai ita roba asalinta zare ne dogaye, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. In aka dafa ta ita kaɗai, zaren yana fitowa sumul, ya kwanta jere da jere kamar tsintsiya a ɗaure. Sai ta yi tauri, ta yi nauyi, amma in tsaga ta samu hanya tsakanin tsinke da tsinke, babu mai riƙe ta. Shi ya sa tun a wajen dahuwa, can ƙasar da ake yin ƙwayar, ake zuba wani sinadari kaɗan ya shiga jikin zaren, ya fito masa da 'yan rassa. Rassan su suke hana zaren kwanciya lif, su sa wannan ya sarƙe da wancan. In an zuba da yawa sai a samu mai laushi irin ta leda, mai saurin narkewa. In an zuba kaɗan sai a samu ta jarka. Kuma mahaɗin iri-iri ne, ya faɗi sunayensu da Turanci, wani kamar butin, wani kamar hezin, ban riƙe sauran ba. Wani gajeren reshe yake bayarwa, wani dogo. Mai dogon ya fi riƙo, ya fi jure mai da sabulu, ya kuma fi tsada.

Na ce, "Wato garin rogo a tuwon masara. In babu shi tuwo ya yi ta tsagewa a mara."

Ya ce, "Kamar haka, sai dai shi wannan ba a barbaɗa shi daga baya. In ba a dafa da shi ba, shi ke nan."

Ya ce da kaya suka yi tsada, ƙananan kamfanoni suka koma sayen kowace ƙwaya ta fi araha, har wadda ba don jarka aka yi ta ba, su haɗa da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba, su zuba launi mai kyau. Buhun ƙwayar duk fari ne kamar shinkafa, ba mai ganewa sai mai karanta jikin buhu.

Na ce, "To tashi mu je Koki ka faɗa wa Ya Falmata haka da bakinka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, an ce za a mayar da mu in wuta ta gyaru. In aka ji ina yawo da maganar kamfani a gari, wa zai kira ni?"

Na ce, "Sunan gidanku ne ake waƙa da shi a lungu."

Ya ce, "Yara shida gare ni, Yaya."

Ban ƙara yi masa maganar ba. Wutar ba ta gyaru ba, ba su kuma kira shi ba. Acaɓa ya koma.

Daga nan na yanke wa kaina hukunci. Duk robar da aka kawo sai na gatsa. In na ji danƙo in karɓa, in na ji ƙas in mayar wa mai ita. Mutane suka ce ga rashin iyawa ga girman kai. Malam Habu, wanda shi bai taɓa zagina ba, ya zo ya tsuguna a bakin soro ya ce, "Inna, ki sauƙaƙa wa kanki. Ki liƙe kawai, kar ki sa ɗigon. In ta fashe wa zai ce ke ce?"

Na ce, "Malam Habu, in na daina sawa, na yarda ke nan da abin da aka faɗa a kaina."

Ya ce, "To ai ba za ki ci abinci ba."

Na ce, "Na ji."

Haka aka yi kuwa. Ya kwashi jarkokinsa ya kai wa wasu samari a bakin kasuwa masu narka leda su shafa a kan kowace irin roba, ta riƙe kwana biyu. Ban ga laifinsa ba. Azumin shekarar da sayar da ƙanzo da ɗan wake na fitar da shi. Kafin a yi wani zaɓen ma roba ta yi arahar da gyara ya fi saye ciwo, kowa ya koma yarwa. Ku da kuka tashi a wannan zamanin kuna ganin haka duniya take, abu ya fashe a jefar a kwata. Shi ya sa kuke ganin aikina wasa ne.

Ya Falmata ba ta ƙara tako gidan nan ba. Mukan haɗu a biki ko gidan rasuwa, ta kalli gabas in kalli yamma. Na ji labarin ta koma zuba mai a garwa, sannan ta koma neman tsofaffin jarkoki irin na da, tana saye da tsada. Ban aika mata da magana ba, ita ma ba ta aiko ba.

Shekaru suka tafi, ciwon sukari ya kwantar da ita, rannan da safe aka ce ta cika. Na yafa mayafi na tafi Koki, don mutuwa ta fi gaban gaba. Na isa ana yi mata wanka. Ina zaune a tsakar gida cikin mata sai aka fito da ruwan da ya rage aka zubar a rariya, aka jingina bahon da bango a kife. Kore ne, ya koɗe ya zama kamar ganyen da ya sha rana. Ga faci mai duhu daga baki har kusa da tsakiya. Ga ɗigo uku.

Babbar 'yarta, Hajiya Yagana, ta ga ina kallonsa. Ta matso ta ce, "Inna, kin ga tsohon bahon Hajiya ko? Ba ta bari kowa ya taɓa shi. Ita ta bar wasiyya a yi mata wanka da shi. Kullum tana cewa duk robar gidan nan shi kaɗai ne bai taɓa cin amanarta ba, wai wadda ta gyara shi ba a yi mai hannu irin nata ba a birnin nan."

Na ce, "Ta faɗi sunanta?"

Ta ce, "A'a, ba ta taɓa faɗa ba."

Na ce, "Allah ya jiƙanta." Na tashi na nemi takalmina.

A tsakar gida cike da mata Ya Falmata ta kashe mini suna, a ɗaki ita da 'yarta ta mayar mini da shi. Ku lissafa da kanku ko an biya ni.

Cikin waɗanda suka ga wannan zamanin, Malam Na'iya ya tafi, uwar mijin Rabi ta tafi, Sabi'u ma mota ta buge shi a kan babur ɗinsa, ya yi jinya ya tafi. Malam Habu yana nan a Damagaram, an ce idonsa ya rufe. Rabi tana Gwale, yaron da aka yi sunansa ranar nan shi ne wannan dogon da yake kawo mini gawayi. Hajiya Yagana tana Koki a gidan uwarta. Sai ni, sai bahon.